Cire Ƙwayar Cuta Daga Jikin Manhaja a Kwamfutocin Gida na Farko

A tsakanin shekarar 1987 da tsakiyar shekarun 1990, lokacin da kwamfuta ke ƙara zama kayan gida a Turai da Amurka, duk wanda ƙwayar cuta, wato ɓoyayyar manhajar da ke kwafar kanta tana yaɗuwa, ta shiga na'urarsa yana da ayyuka biyu a gabansa, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Na farko shi ne ya san waɗanne fayiloli ne suka kamu, aikin da manhajojin bincike suka iya tun da wuri, domin abin da ake buƙata kawai shi ne a nemi wani ɗan jerin lambobi da aka tabbatar yana cikin jikin ƙwayar kuma ba ya cikin manhajar kirki. Na biyu shi ne ya raba ƙwayar da manhajar da ta maƙale wa, ta yadda manhajar za ta koma aiki kamar ba abin da ya taɓa ta. Wannan na biyun shi ne mai wuya, kuma yiwuwarsa ba ta rataya a kan ƙwarewar mai gyara ba kamar yadda ta rataya a kan abin da marubucin ƙwayar ya adana daga cikin abin da ya ɓata.

Ƙwayoyin da suka fara yin suna ba su taɓa fayilolin manhaja ba. Elk Cloner, wadda wani ɗalibin sakandare mai suna Richard Skrenta ya rubuta wa kwamfutar Apple II a 1982, da Brain, wadda 'yan'uwa biyu Basit da Amjad Farooq Alvi suka fitar daga Lahore a 1986, da SCA, wadda ta bayyana a kan kwamfutar Amiga a ƙarshen 1987, duk a ɓangaren faifai da kwamfuta ke fara karantawa idan aka kunna ta suke zama. Wannan ɓangare kusan iri ɗaya ne a kan yawancin fayafayai, saboda haka maganin shi ne a rubuta sabo a kansa, kuma a Amiga umarni guda mai suna Install yana gama aikin. Inda aka yi asara shi ne fayafayan wasanni na kasuwa, waɗanda kamfanoninsu kan sa nasu umarnin na musamman a wannan wuri. Idan ƙwaya ta hau kansa wasan ya mutu ke nan, rubuta na gama-gari kuwa ba ya tashe shi. Manhajar da ke cikin fayil ba ta da wannan sauƙi ko kaɗan, domin kowace da irin jikinta, babu wani kwafi na gama-gari da za a ɗora mata.

Shawarar da masana suka riƙa bayarwa tun farko ba ta da sarƙaƙiya: a goge fayil ɗin da ya kamu, a kwafo sabo daga faifan asali. A wasu wuraren hakan ya wadatar. Ƙwayar da aka gano a Jami'ar Lehigh ta jihar Pennsylvania a ƙarshen 1987 fayil ɗaya tak take kamawa, wato COMMAND.COM, wanda kowa ke da tsaftataccen kwafinsa a faifan DOS, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, da ya zo da na'urarsa. Amma mafi yawan abin da ke kan kwamfutocin gida na wancan zamani ba shi da faifan asali a hannun mai shi. Wasanni da manhajoji suna yawo ne hannu da hannu a makarantu da ƙungiyoyin masu sha'awar kwamfuta, kwafi daga kwafi, wanda shi ne ma babbar hanyar da cutar ke bi. Wasu manhajojin na kasuwa kuma an ƙayyade sau nawa za a iya girka su daga faifansu, wasu suna ajiye saitin mai amfani a cikin jikinsu, sannan mai babban faifai, wato na cikin kwamfuta, da fayiloli ɗari biyu ko uku suka kamu ba ya son ya kwana yana sauya fayafayai ɗaya bayan ɗaya. Daga nan buƙatar wankewa ta taso, duk da cewa masu rubuta manhajojin wankewar sun fi kowa sanin cewa ita ce zaɓi na biyu.

Mafi sauƙin fahimta shi ne fayil irin na COM a ƙarƙashin DOS. Wannan fayil ba shi da wani bayani a kansa, girmansa ba ya kai bayit 65,536 (bayit shi ne gurbin da ke ɗaukar harafi ɗaya), kuma DOS tana ɗora shi a ƙwaƙwalwar kwamfuta yadda yake, sannan ta miƙa ragama ga bayit ɗinsa na farko. Ƙwayar Vienna, mai bayit 648, wadda aka gano a 1987, takan manna jikinta a ƙarshen irin wannan fayil, sai ta sauya bayit uku na farkonsa da umarnin da ke cewa a tsallaka zuwa inda take. Da a nan ta tsaya, da kowace manhajar da ta kama ta daina aiki nan take, mai ita kuma ya farga ya goge ta kafin cutar ta yi nisa. Saboda haka kafin ta sauya waɗannan bayit uku sai ta kwafe su ta ajiye a cikin jikinta, duk lokacin da aka kira manhajar kuwa, idan ta gama neman wani fayil ta harba, sai ta mayar da su mazauninsu a cikin ƙwaƙwalwa ta miƙa wa manhajar ragama, mai kwamfuta bai ga komai ba sai ɗan jinkiri. Abin ya yi kama da wanda ya gina zaure a ƙofar gidan wani: duk mai shiga sai ya bi ta wurinsa, amma tilas ya bar hanyar cikin gida a buɗe, in ba haka ba ranar farko asirinsa zai tonu.

Wannan tilascin shi ne dukkan jarin mai gyara. Yakan karanta umarnin tsallakawar da ke farkon fayil, wanda bayit ɗinsa na farko alama ce, biyun da ke biye kuma nisan tsallakawar ne, sai ya lissafa inda ƙwayar ke karɓar ragama. Tunda ya riga ya warware kwafin ƙwayar ya san tazarar da ke tsakanin wannan wuri da inda take ajiye bayit ukun nan na asali, sai ya ɗauko su ya mayar da su farkon fayil a kan faifai, ya yanke fayil ɗin daga inda jikin ƙwayar ya fara, ya gyara kwanan wata da lokaci. A taƙaice yana yi wa fayil ɗin na dindindin abin da ƙwayar da kanta take yi masa na wucin gadi a kowace tayarwa. Bernd Fix, wani Bajamushe ɗan ƙungiyar Chaos Computer Club, ya rubuta manhajar da ta kawar da Vienna a 1987, kuma ana yawan ambaton aikinsa a matsayin karo na farko da aka rubuta labarin cire ƙwayar da ke yawo a hannun jama'a.

Akwai wani ɗan abu a Vienna da ke nuna irin kulawar da aikin ke buƙata. Don kada ta kama fayil ɗaya sau biyu, takan sa masa alama a lokacin da DOS ke rubuta wa kowane fayil: tana mayar da daƙiƙoƙinsa 62. DOS tana ƙirga daƙiƙa ne bibbiyu a gurbin da ke iya ɗaukar lamba har 31, don haka 62 tana shiga ko da yake babu agogon da ke nuna ta, jerin fayilolin da ake gani a allo kuwa ba ya nuna daƙiƙa. Mai gyara mai hankali yana share wannan alamar. Amma Vienna ɗin nan dai tana da wata ɗabi'a da babu hankalin da ke maganinta. A kusan ɗaya cikin kowane takwas na fayilolin da ta zaɓa, maimakon ta kama fayil ɗin sai ta rubuta umarnin sake tayar da kwamfuta a kan bayit biyar na farkonsa, ba tare da ta ajiye abin da ke wurin ba. Irin wannan fayil ba ya ɗauke da ƙwaya, ba ya harbin kowa, amma ya lalace, domin bayit biyar ɗin nan ba su ko'ina a kan faifan. Haka lamarin yake ga dukkan ƙwayoyin da ke rubuta jikinsu kai tsaye a kan farkon manhaja: gano su ba wuya, gyara abin da suka taka kuwa ba ya yiwuwa, abin da ya rage sai gogewa.

Ƙwayar Jerusalem, wadda aka gano a Jami'ar Hibru da ke Birnin Ƙudus a ƙarshen 1987, ta fi kowace nuna bambancin da ke tsakanin fayil mai gyaruwa sarai da wanda sai dai a kusanta. Idan ta kama fayil ɗin COM, takan sa jikinta mai bayit 1,808 a gaba, ta tura manhajar baya ba tare da ta canza ko bayit ɗaya nata ba, ta ƙara haruffa biyar a ƙarshe a matsayin alama, wanda ya sa fayil ɗin ke ƙaruwa da bayit 1,813. A yanke na gaba a yanke na baya, abin da ya rage shi ne manhajar asali daidai wa daida.

Fayil ɗin EXE kuwa wani abu ne dabam. Yana farawa da haruffa biyu, MZ, sannan wani ɗan jadawali a goshinsa da ke gaya wa DOS tsawon abin da za ta ɗora, ana ƙirga shi da shafuka masu bayit 512 da abin da ya yi saura a shafin ƙarshe, da wurin da za a fara aiwatar da umarni, da wurin da manhajar za ta jibge bayananta na wucin gadi, da yawan ƙwaƙwalwar da take buƙata, da jerin wuraren da sai an daidaita adireshinsu bayan an ɗora ta. Ƙwayar da ke son irin wannan fayil ba ta buƙatar taɓa umarnin manhajar. Ya ishe ta ta manna kanta a ƙarshe ta sauya lambobin goshin su nuna inda take. Wurin farawa na asali dole ta adana shi, domin sai da shi za ta iya mayar da ragama. Amma tsawon fayil na asali ba ta da wani amfani da shi, don haka sau da yawa ba ta adana shi. Ga shi kuma tsarin adireshin injinan Intel na lokacin ya sa ƙwayoyi da yawa suna son jikinsu ya fara a kan lambar da ke rabuwa da 16, sai su cike giɓin da tarkace kafin su manna kansu. Abin da ya sa fayil ɗin EXE da Jerusalem ta kama ke ƙaruwa da wani adadi tsakanin bayit 1,808 da 1,823 ke nan. Bayan an cire ƙwayar, ana iya barin tarkacen da bai wuce bayit 15 ba a wutsiyar fayil ɗin, kuma mai gyara ba shi da tabbacin inda manhaja ta ƙare da inda ciko ya fara. Yawancin manhajoji ba su damu da wannan ba, suna aiki lafiya. Waɗanda ke auna tsawonsu ko lissafa jimillar jikinsu kafin su tashi, don kare kansu daga masu satar fasaha ko daga cutar kanta, su ne ke ƙin aiki bayan an ce an warkar da su.

Jerusalem tana da kurakurai biyu da suka ƙara dagula lissafin. Ba ta gane fayil ɗin EXE da ta riga ta kama, saboda haka duk lokacin da aka kira shi sai ta sake manna masa wani kwafin, har fayil ya kumbura ya fi ƙarfin ƙwaƙwalwar na'ura. Wannan kuskuren ne ya taimaka wajen gano ta kafin ranar Juma'a 13 ga Mayun 1988, ranar farko da aka tsara za ta fara goge duk manhajar da aka kira. Ga mai gyara, ma'anarsa ita ce sai ya maimaita aikin sau da yawa a kan fayil guda, yana cire na waje, ya mayar da lambobin goshi zuwa abin da wannan kwafin ya adana, ya sake dubawa, har sai wurin farawa ya faɗa cikin jikin manhajar gaskiya. Kuskure na biyu ya fi muni. Manyan manhajoji da ba za su shiga ƙwaƙwalwa gaba ɗaya ba sukan ajiye ƙarin sassansu a bayan tsawon da goshin ya ambata, su riƙa ɗauko su idan buƙata ta taso. Ƙwayar da ta yarda da lambar goshi a matsayin ƙarshen fayil sai ta rubuta jikinta a kan waɗannan sassa. Ana iya cire ta, a mayar da wurin farawa, manhajar ta tashi kamar lafiya lau, sai ranar da mai ita ya nemi wani aikin da ke cikin sashen da aka taka ta tsaya cak. A ganina wannan ya fi lalacewar da ake gani a fili haɗari, domin mutum ya riga ya saki jiki, wataƙila ma ya goge tsohon kwafinsa na ajiya.

Daga nan ne ake gane dalilin da ya sa gano ƙwaya da tantance ta ba abu ɗaya ba ne. Manhajar bincike tana iya cewa wannan fayil yana ɗauke da wata daga dangin Vienna, kuma ta yi gaskiya, amma mai wankewa yana buƙatar sanin wacce ce takamaimai, domin idan wurin ajiyar bayit ɗin asali ya gusa da taku biyu a wani sabon salo, abin da zai ɗauko ya ɗora a farkon fayil shara ce. Salo-salo kuwa sun yi yawa, musamman bayan an buga cikakken rubutun Vienna a wani littafi a Jamus, wanda ya ba duk mai ɗan ilimi damar canza wuri ɗaya ko biyu ya saki tasa. Cascade, wadda ke sa haruffa su riƙa zubowa daga saman allo su taru a ƙasa, ta zo da salo mai bayit 1,701 da mai 1,704. Wanda ya dogara da tsawo kaɗai ya rikita su, ko ya bar bayit uku na ƙwaya ko ya cinye uku na manhaja. Ita Cascade ɗin kuma ta kawo wani sabon shinge, domin tana kulle yawancin jikinta da mabuɗin da ke canzawa gwargwadon tsawon fayil ɗin da ta kama, bayit ɗin asalin kuwa suna cikin ɓangaren da aka kulle, don haka sai an kwance kullin kafin a kai gare su. Ita ce ƙwayar da ta shiga kwamfutar Eugene Kaspersky a 1989 har ta sa ya rubuta manhajar cire ta, abin da ya zama mafarin sana'arsa ta yaƙi da ƙwayoyin kwamfuta. Manhajojin da suka yi fice wajen gyara, irin su F-PROT ta Friðrik Skúlason daga Iceland da ta Alan Solomon a Ingila, sun riƙa lissafa jimillar sassan ƙwayar da ba sa canzawa don su tabbatar da ainihin salonta, idan lissafin bai yi daidai ba kuma su ƙi taɓa fayil ɗin. Ina ganin wannan ƙin taɓawar shi ne babban abin da ya raba manhajar kirki da ta bogi, ko da yake mai saye ya fi son wadda ba ta taɓa cewa ba za ta iya ba.

Fayil ɗaya kuma yana iya ɗaukar ƙwayoyi biyu ko uku mabambanta, kowace ta ɗauki wadda ta riga ta a matsayin wani ɓangare na manhajar. Dole a cire su a jere, daga ta ƙarshen shiga zuwa ta farko, domin abin da ta ƙarshe ta adana a matsayin asali shi ne umarnin tsallakawar wadda ke ƙarƙashinta. Idan kuma wani ya matse fayil ɗin da ya riga ya kamu da manhajar rage girma irin LZEXE ko PKLITE, ƙwayar ta shige cikin abin da aka matse, sai an warware matsin kafin ma a gan ta.

Duk wannan aiki yana tsaye ne a kan sharaɗi guda, wato abin da mai gyara ke karantawa daga faifai shi ne abin da ke kan faifan da gaske. Ƙwayoyin da ke zama a ƙwaƙwalwa sun rushe wannan sharaɗi, domin suna tare hanyar da kowace manhaja ke bi ta nemi DOS ta buɗe mata fayil. Dark Avenger, mai bayit 1,800, wadda ta fito daga Bulgeriya a 1989, ba ta jira a kira manhaja kafin ta kama ta. Buɗe fayil ɗin kawai ya isa. Saboda haka wanda ya kunna manhajar bincike alhali ƙwayar tana ƙwaƙwalwa ya buɗe mata kowane fayil a kan babban faifansa da hannunsa, bincike yana ƙarewa komai ya kamu. Wannan ƙwayar kuma a kowane karo na 16 da aka kira manhajar da ta kama takan rubuta tarkace a wani sashe na faifai da ta zaɓa kara-zube, ɓarnar da ke taruwa a hankali cikin takardu da bayanai, wadda cire ƙwayar daga manhajoji ba ya gyara ta. Ƙa'idar da aka kafa ita ce a kashe na'urar gaba ɗaya daga wutar lantarki, a tayar da ita da tsaftataccen faifan DOS da aka hana rubutu a kansa, ta hanyar liƙe tsagar gefen faifai mai inci 5.25 ko buɗe 'yar tagar mai inci 3.5, sannan a gudanar da gyaran daga wannan faifai ba tare da an kira komai daga babban faifai ba. Danna maɓallai uku na sake tayarwa bai isa ba, domin akwai ƙwayoyin da ke tsallake shi, a kan IBM da masu kama da ita da kuma a kan Amiga.

Abin ban sha'awa shi ne akwai inda wayon ƙwaya ya zama maganinta. Frodo, mai bayit 4,096, wadda ta bayyana a Isra'ila a wajajen 1989, tana ƙara shekara ɗari a kwanan watan fayil a matsayin alamarta, kuma muddin tana ƙwaƙwalwa, duk wanda ya buɗe fayil ɗin da ta kama don karantawa tsaftataccen jikinsa zai gani da tsawonsa na asali. Masu lura suka gane cewa idan aka kwafe irin waɗannan fayiloli zuwa sunayen da ba na manhaja ba, ko aka tattara su a cikin matsattsen kundi, alhali ƙwayar tana aiki, abin da zai shiga kwafin shi ne manhajar da ƙwayar ta wanke da kanta. Daga nan sai a tayar da na'ura da tsaftataccen faifai, a goge waɗanda suka kamu, a mayar wa kwafin sunayensu.

A sauran kwamfutocin gida tsarin fayil ya bambanta amma lissafin bai canza ba. Manhajar Amiga gunduwa-gunduwa take, da jadawali a gaba mai faɗin yawan gunduwoyin da girman kowace, don haka ƙwaya irin IRQ da ke shiga jikin manhaja sai ta taɓa wannan tsari, mai cire ta kuma sai ya mayar da jadawalin da duk lambobin da ke nuni daga wata gunduwa zuwa wata. Ƙwayar BGS9 ba ta ma wahalar da kanta ba: takan ɗauke manhajar farko da faifai ke kira wajen tashi, ta ɓoye ta a wani kundi da sunan da ba ya bayyana a allo, ta zauna a gurbinta da sunanta, gyaran kuwa shi ne a nemo ɓoyayyar a mayar da ita. A kan kwamfutar Macintosh, inda ƙwayar nVIR ta yaɗu tun 1987, John Norstad na Jami'ar Northwestern ya fitar da manhajar riga-kafi mai suna Disinfectant kyauta a 1989, ya ci gaba da sabunta ta har 1998.

Da yawan ƙwayoyi ya wuce abin da za a iya warwarewa ɗaya bayan ɗaya, sai aka nemi hanyoyin da ba su dogara da sanin kowace ba. Wasu sun gwada riga-kafi, wato a sa wa lafiyayyen fayil alamar da ƙwaya ke dubawa, kamar daƙiƙa 62 ɗin Vienna, don ta zaci ta riga ta kama shi. Dabarar ba ta yi nisa ba, domin ƙwayoyi biyu na iya neman alamu mabambanta a gurbi ɗaya, sabon salo kuma yana iya watsi da tsohuwar alama. Wadda ta fi ma'ana ita ce a rubuta bayanin kowace manhaja tun tana lafiya, tsawonta da bayit ɗinta na farko da jimillar jikinta, a ajiye a gefe. Idan ta kamu, ko da ƙwayar da ba a taɓa gani ba ce, sai a mayar da farkon, a yanke ta a tsawonta na da, a lissafa jimillar, idan ta dace an tabbatar gyaran ya yi. Manhajar riga-kafin da Microsoft ta haɗa da MS-DOS 6 a 1993 tana ajiye irin wannan lissafi a fayilolin CHKLIST.MS don gano canji, marubuta ƙwayoyi kuwa ba su ɓata lokaci ba wajen koya wa nasu goge waɗannan fayiloli. Hanya mafi ƙarfin hali ita ce ta TbClean, daga kamfanin Thunderbyte na ƙasar Holan, wadda ke barin ƙwayar ta yi aiki taki ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin sa ido, tana toshe mata hanyar rubutu a faifai, har zuwa lokacin da za ta mayar da bayit ɗin asali ta miƙa ragama, sai a tsayar da ita a rubuta abin da ke ƙwaƙwalwa a matsayin gyararren fayil. Irin wannan tunani ne ya zama dole bayan zuwan ƙwayoyi masu sauya kama, tun daga 1260 ta Mark Washburn a 1990 da Tequila a 1991, waɗanda hatta ɓangaren da ke kwance kullinsu yana canzawa daga fayil zuwa fayil, sai an gina musu kwamfutar ƙarya a cikin manhaja an bar su sun kwance kansu. Babu ɗaya daga cikin waɗannan hanyoyi da ta zama cikakkiya, kuma masanin kwamfuta Fred Cohen ya riga ya nuna ta hanyar lissafi tun a shekarun 1980 cewa ba za a taɓa samun manhajar da ke gane kowace ƙwaya ba tare da kuskure ba, balle wadda za ta warkar da kowace.

One Half, wadda ta ɓullo daga Slovakiya a 1994, ta kai wannan dogaro da ƙwaya matuƙarsa. Tana kama fayilolin COM da EXE da kuma sashen farko na babban faifai, wanda kwamfuta ke fara karantawa wajen tashi, kuma duk lokacin da aka kunna kwamfuta takan kulle ƙarin layuka biyu na faifan, tana farawa daga ƙarshensa tana matsowa gaba. Muddin tana ƙwaƙwalwa takan kwance duk abin da aka nema daga yankin da ta kulle kafin ta miƙa shi, don haka mai kwamfuta yana iya yin watanni yana aiki bai san wani babban kaso na faifansa ba ya karantuwa sai da izininta ba. Mabuɗin kullin da alamar inda ta tsaya suna cikin wannan sashe na farko. Wanda ya bi tsohuwar al'ada ya tayar da na'ura da tsaftataccen faifai ya ba da umarnin FDISK /MBR, wanda ke rubuta sabon sashen farko, ya kawar da ƙwayar tare da mabuɗin a lokaci guda, bayanan da ke yankin da aka kulle kuma suka zama tarkace. Tsarin da ya dace shi ne a fara kwashe muhimman fayiloli zuwa wasu fayafayai tun ƙwayar tana aiki, ko a yi amfani da manhajar da ta san inda mabuɗin yake, ta karanta shi, ta kwance layukan da aka kulle ɗaya bayan ɗaya, sannan ta gyara sashen farko, daga ƙarshe ta bi fayilolin COM da EXE tana cire ƙwayar daga kowanne.